A Bar Wa Saurayi Shagonsa

A shekarar 1967 wata 'yar ƙasar Denmark, Bodil Graae, ta yi rubutu a jaridar Politiken tana cewa yaro na bukatar iyaye ɗari, biyu sun yi masa kaɗan. Maganar ta shiga kunnen jama'a. A 1972 iyalai 27 suka tare a unguwar da suka tsara da kansu, Sættedammen, kusa da garin Hillerød. Kowane iyali da gidansa, sannan ga babban gini na kowa da kowa inda ake girki a ci tare. Kathryn McCamant da Charles Durrett suka kai tsarin Amurka da littafinsu na 1988, har aka buɗe Muir Commons a garin Davis na Kalifoniya a 1991.

Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, domin tun kaka da kakanni ya san ɗa na kowa ne. Inda nake da ja da masu yabon tsarin ido rufe shi ne, iyaye ɗari idanu ɗari biyu gare su. Ɗan shekara 5 yana jin daɗin haka, duk ƙofar da ya tura a ba shi abinci. Ɗan shekara 15 kuwa, in ya yi baƙo, kafin baƙon ya zauna labari ya zaga unguwa. Shi ya sa wasu daga cikin unguwannin nan suke ware wa matasa ɗaki a babban ginin. To amma wa zai riƙe makulli?

Ni dai na ce a damƙa wa yaran. Masu cewa za su lalace su dubi gidan Bahaushe na gargajiya. Saurayi in ya tasa, sai ya bar ɗakin mahaifiyarsa ya koma shago kusa da zaure. Shi ke shara, shi ke karɓar abokansa, shi ke rufe ƙofarsa. Maigida yana zaure, ya san mai shiga da mai fita, amma ba ya leƙe. A nan yaro ke koyon riƙon kai tun kafin a ɗora masa riƙon gida. 'Yan mata ma suna da dandalinsu, ana jiyo gaɗarsu daga cikin gida.

Jama'a, me muka yi da wannan hikima? Mun rushe zaure mun sa ƙofar ƙarfe, mun mai da shago kantin haya. Saurayi ya rasa wurin zama sai falo gaban mahaifinsa, ko kango a bayan unguwa, ko cikin waya inda babu dattijon da zai yi gyaran murya. Wanda aka hana wuri a ƙofar gida zai nema a inda ido ba ya kai wa, sannan mu dawo muna kukan tarbiyya ta lalace. Gyara kayanka ai ba sauke mu raba ba ne.

Ku kuma 'yan'uwa marubuta, kun cika littattafai da samarin da ke kwance a falo mai na'urar sanyaya ɗaki. Ina labarin shago, da yaron da aka miƙa wa makulli ranar farko, da uban da ya danne zuciyarsa bai leƙa ba? Ku rubuta shi, ko magina da iyaye sa tuna. Allah ya sa mu gane.