Ayari Ba Ya Tafiya Sai Da Madugu

Yau ba labarin soyayya na kawo maka ba, wani ra'ayi ne da na samo a hanya, wanda saura ƙiris in biya kuɗinsa da abotar shekara ashirin.

Mu huɗu muka tashi, abokai tun sakandare, kowa da jakarsa goye a baya, da niyyar zaga biranen Maleshiya da Tailan cikin mako biyu, muna kwana a ƙananan masaukai masu araha. Kafin mu bar gida muka yi alƙawarin babu shugaba a cikinmu, tunda duk sa'o'in juna ne. To wannan alƙawari shi ne kuskurenmu na farko.

A Kwala Lumfur komai lafiya lau. Muka ga tagwayen benayen Petronas masu hawa 88, muka yi sallah a Masallacin Jamek da aka buɗe a 1909, abinci kuwa na halal ko'ina ka juya. Rigima sai da muka isa Malaka ta taso. Ni ina son in kwana biyu a garin da Turawan Fotugal suka ci da yaƙi a 1511, in bi lungunansa a tsanake, shi kuwa ɗayanmu hoto kawai yake so ya ɗauka mu wuce. Ɗaya yana ƙirga kowane ringit, ɗaya kuma bai san a taya ba. Ka tuna kuɗinmu a asusu ɗaya yake, kowa na da hannu a ciki, babu mai riƙe da lissafi.

Bayan mun tsallaka Tailan, a jirgin ƙasan da ya kwana da mu daga Hat Yai zuwa Bankok, babu mai yi wa wani magana. Da muka sauka ga gajiya, ga yunwa, ga shi abincin halal sai an nema, nan fa aka yi ta tone-tone har da laifin shekara goma da ta wuce. Sai a harabar Masallacin Harun da ke unguwar Bang Rak muka zauna muka yi abin da ya kamata tun farko: muka ɗora mutum ɗaya ya riƙe kuɗi da yanke shawara, muka kuma yarda kowa ya bi son ransa da rana, a haɗu bayan magariba.

Wani zai ce ai daɗin irin wannan tafiya shi ne 'yanci, naɗa shugaba kuwa takura ce. Ni dai ban gani haka ba. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro ba su fi mu rashin son 'yanci ba, amma ba sa ɗaura kaya sai da madugu da jagaba. Sun san harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle mutanen da rana ta buga, guzuri ya yi ƙasa.

Saboda haka in kuna shirin saɓa jaka ku da abokai, ku gama maganar kuɗi da ta jagora tun kuna zaure. Kunyar da za ku ji a ranar ba ta kai wadda muka ji a Bankok ba. Allah Ya bar zumunci.