Digirin Tarihi Babu Larabci, Digirin Hausa Babu Ajami: Wa Muke Yaudara?

Jami'o'inmu na Arewa suna yaye ɗaliban tarihi waɗanda ba sa iya karanta layi ɗaya daga Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Suna yaye masu digirin Larabci da ba su san a wane hali aka rubuta littafin ba, balle da wa ake jayayya a cikinsa. Da yawa daga masu digirin Hausa kuwa, in ka miƙa musu wasiƙar kakansu ta ajami, sai su yi ta jujjuya ta. Abin kunya ne wannan, kuma da hannunmu muka jawo shi.

Yaran ba su da laifi. Kowane sashe ne ya kewaye kansa da katanga kamar gidan kishiyoyi. Ɗalibin tarihi ya ce yana son ɗaukar kwas biyu a sashen Larabci, sai a ce masa jadawali bai ba da dama ba, ko a bar shi yana zarya daga ofis zuwa ofis da takardar rajista a hannu, wannan ya tura shi wajen wancan, har a rufe rajistar. Daga nan ya haƙura, ya koma haddar handawut.

Mutanen da muke alfahari da su ba haka suka yi karatu ba. Abdullahi na Gwandu ya yi tafsiri, ya rubuta nahawu, ya yi waƙa, ya tsara yadda ake mulki. Bello ya yi rubutu a kan tarihi da siyasa har da magani. Nana Asma'u da harshe uku ta yi waƙoƙinta: Larabci, Fulatanci da Hausa. Ta yaya wanda aka kulle a sashe ɗaya shekara huɗu zai fahimci irin waɗannan mutane? Murray Last, Bature ne daga Ingila, ya zo Sakkwato ya zauna gaban Waziri Junaidu, ya duƙufa a kan takardun Larabci, ya fitar da littafinsa kan Daular Sakkwato a 1967. Har yau shi ɗalibanmu ke kwafa. Ba shi nake jin haushi ba. Mu nake jin haushi, mu da takardun ke hannunmu, a Sakkwato, a Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya kafa a Kaduna a 1970, da akwatunan gidajen malamai, amma mun ƙi horar da masu karanta su.

Wani zai ce ai akwai GST, kwasa-kwasan gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka. Haba! Ɗalibai cunkus a ɗaki ɗaya, wasu a tsaye, wasu a bakin taga, lasifika tana ƙara, malami yana sauri ya fita, a ƙarshe a zauna gaban kwamfuta a canki A ko B. Wannan ne haɗa fannoni?

Raini ne tushen abin. Manufar ilimi ta ƙasa ta ware kashi 60 na gurabun jami'a ga kimiyya, 40 ga sauran. A sakandare, yaron da lissafi ya kayar shi ake korawa ajin art, kamar horo. A wajen 2009 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka shafe kusan shekara goma kafin a farga. Iyaye ma sun ɗauka: "Tarihi? Me za ka ci da shi?"

To ga abin da zai ci da shi. Rikicin manoma da makiyaya yana buƙatar wanda ya san tarihin burtali, yake jin Fulatanci, ya san hukuncin gona a fiƙihun Malikiyya da kuma a dokar ƙasa. Kotunan shari'a, gidajen rediyo, masu rubuta labarin fim a Kano, ofisoshin fassara, duk irin wannan mutum suke nema, kuma babu sashe guda da ke iya fitar da shi shi kaɗai.

Uzuri ya ƙare tun Disamba 2022, lokacin da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar da sabuwar manhajar CCMAS, wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. Majalisun jami'o'inmu, ku yi amfani da wannan kason. Ku buɗe digiri ɗaya da zai haɗa tarihi, Larabci, Hausa da ajaminta, adabi da falsafa, ku wajabta wa ɗalibinsa karanta rubutun hannu na asali kafin ya kammala. Malaman da za su koyar suna nan a sassanku, ofisoshinsu ma a jere suke. Ku zaunar da su a teburi ɗaya kafin zangon karatu mai zuwa.