Kada Mu Yanke Wa Haruffa Lanƙwasa Don Daɗin Kwamfuta

'Yan'uwana ɗalibai, ni ba da Hausa na buɗe baki ba. A kasuwar Lafiya na tsince ta, a aji kuma aka gyara mini ita. Shi ya sa abin da zan faɗa ya dame ni fiye da yadda zai dami Bakano.

Domin kundin kammala digirina, na tattara kalmomin noma daga bakin manoman Shabu. Wani abokina mai karatun kwamfuta ya ce zai jera mini su bisa tsarin abacada cikin ƙiftawar ido, da umarnin nan na Linux mai suna sort. Da sakamako ya fito, sai ga 'ya'ya a can sama, ta riga alkama. Ƙasa da ɓawo da ɗanye kuwa an kora su bayan zuma, kai ka ce baƙi ne. Wai har ƙ ta riga ɓ!

Ashe na'urar an bar ta ne a kan saitin da ake kira C, wanda lambar harafi kaɗai yake dubawa, kuma lambobin da Unicode ta ba haruffanmu masu lanƙwasa sun fi na z girma. Shawarar abokin nawa ita ce in cire lanƙwasar kowa ya huta. Nan na ƙi. Bahaushe zai gane daga jimla ko baki ake nufi ko baƙi, kafa ko ƙafa, dari ko ɗari. Irina kuwa, da kunnenmu ya daɗe bai rarrabe k da ƙ ba, wannan 'yar lanƙwasa ita ce malaminmu idan malam ba ya nan.

Abin haushin ma, maganin yana cikin na'urar tun tuni. Akwai saitin Hausar Nijeriya, ha_NG, sai dai ba a kunna shi ba. Da muka kunna, ɓ ta koma bayan b, ƙ ta bi k.

A ganina laifin namu ne. Mai kwamfuta bai san gurbin ɗ ba, mu da muka sani kuma muna tsoron baƙin allon nan na rubuta umarni. Ina roƙon sashenmu ya ware ko da awa biyu a zango, a koya wa 'yan aji uku wannan saiti kafin su fara kundi.