Hancin Da Tiyata Ta Matse: A Daina Gori, A Taimaka Wajen Neman Gyara



Tiyatar gyaran hanci ta shigo cikinmu, musamman a manyan birane irin su Legas da Fatakwal. Wasu a gida ake yi musu, wasu sai sun tafi Turkiyya. Dama can mu Hausawa muna yabon dogon hanci, har akan ce wance hancinta har baka. Sai ga hotunan Instagram sun ƙara wa abin armashi. Cikin waɗanda aka yi wa aikin akwai masu dawowa da kan hanci a tsuke, kamar an matse shi da yatsu biyu. Ra'ayina shi ne wanda wannan ya samu marar lafiya ne, ya cancanci a taimaka masa ya sami gyara na gaskiya.

Ga yadda abin yake faruwa. Kan hanci ba ƙashi ba ne. Guringuntsi biyu ne masu lanƙwasa, ɗaya dama ɗaya hagu, suke riƙe da shi, su ne kuma suke buɗe ƙofofin hanci. Idan likita yana son sirirta kan hancin, yakan rage wani ɓangare na guringuntsin nan ko ya ɗinke su su matso kusa da juna. In aka yanke fiye da kima, ko aka ja ɗinkin da ƙarfi, sai gefen hancin ya rasa abin da zai tokare shi. Tabon da ke ciki kuma yana ci gaba da janyewa yayin warkewa, shi ya sa wani lokaci matsewar ba ta bayyana sai bayan watanni, har ma shekaru.

Abin bai tsaya a kamanni ba. Duk lokacin da mutum ya shaƙi iska, gefen hancin da ya yi rauni yakan faɗa ciki ya rage hanyar numfashi. Daga nan sai toshewar hanci, barci da baki a buɗe, bushewar maƙogwaro da saurin gajiya wajen aikin ƙarfi. Mai dariya a bikin suna bai san cewa wadda yake yi wa dariyar ba ta samun barci mai daɗi ba.

Gyaran kuwa gini ne. Likita zai mayar da abin da aka cire ta hanyar dasa guringuntsi daga jikin mutumin kansa. An fi son na shingen da ya raba ƙofofin hanci biyu, amma sau da yawa an riga an yi amfani da shi a aikin farko, don haka sai a ɗebo na kunne ko na haƙarƙari. Aikin ya fi na farko wuya da tsada, domin tabo ya riga ya sauya tsarin wurin. Akwai kuma jira: likitoci kan ba da shawarar a bari kamar wata 12 su cika bayan aikin farko, kumburi ya sauka, nama ya yi laushi. Fatar hancin mafi yawanmu tana da kauri, kumburinta kan daɗe. Mai gaggawar komawa ƙarƙashin wuƙa a wata na uku yana iya ƙara wa kansa matsala. Wanda numfashi ya yi wa wuya sosai, ko ya ga ruwa na fita ko fata na sauya launi, shi kam ya ga likita nan take.

Na san wasu za su ce ai shi ya jawo wa kansa, ya raina halittar Allah. Hukuncin aikin farko magana ce ta malamai, kuma da yawansu sun hana tiyatar da aka yi don ƙawa kawai. Amma gyaran abin da ya lalace wani babi ne daban. A hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, an sare wa sahabi Arfaja ɗan As'ad hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinare. Daga irin wannan dalili malamai suka halatta tiyatar kawar da cuta ko nakasa. Mai hawan jini saboda sakacinsa ma ba ma hana shi asibiti. Gori kuwa ba abin da yake haifarwa sai ɓoyo, ɓoyon ne kuma yake kai mutum hannun 'yan damfara masu allurar cike hanci a shagon kwalliya. Allurar nan in ta shiga jijiyar jini tana iya kashe fata, har ta makantar.

Wanda ya tashi neman gyara ya nemi ƙwararren likitan gyaran jiki ko na kunne, hanci da maƙogwaro, mai rajista da hukumar MDCN. Asibitocin koyarwa kamar LUTH a Legas da UCH a Ibadan suna da waɗannan sassa. Ya tambayi likitan sau nawa ya yi gyaran hancin da aka taɓa yi wa aiki, daga ina zai ɗebo guringuntsi, wa zai duba shi bayan an sallame shi. Ya nemi takardar bayanin aikin farko daga asibitin da ya yi. In jikinsa na yin tabo mai tasowa, ya faɗa tun kafin a taɓa kunnensa ko ƙirjinsa. Duk likitan da ya yi alkawarin hancin zai koma daidai yadda Allah ya yi shi, a yi hattara da shi.

Mu kuma iyaye da ƙawaye, mu daina kushe hancin 'ya'yanmu da sunan wasa. Yarinyar da ta tashi ana ce mata mai bajajjen hanci, ita ce gobe za ta tara kuɗinta ta kai wa mai wuƙa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu dace.