Tiyatar rage ƙiba karo na biyu: ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

A watan Maris na 2005 ne likitoci a birnin Cartagena na ƙasar Kolombiya suka yi wa shahararren ɗan ƙwallon Ajantina, marigayi Diego Maradona, tiyatar rage ƙiba, lokacin da nauyinsa ya kai kusan kilo 120.

Cikin 'yan watanni ya saɓe, har ya shiga gabatar da shiri a talabijin. Sai dai a watan Nuwamba na 2015 an sake yi masa aikin a Venezuela, domin ƙibar ta dawo.

Ba shi kaɗai ba ne. A irin wannan tiyata ana rage girman tumbi ne, wani lokaci kuma a karkatar da hanji, don mutum ya ƙoshi da abinci kaɗan. To amma tumbin kan sake buɗewa da tafiyar shekaru, yunwa kuma ta dawo.

Matsalar ita ce aiki na biyu ya fi na farko wuya. Likita kan tarar da tabon aikin baya ya manne kayan ciki da juna, lamarin da ke tsawaita aikin, ya kuma ƙara haɗarin zubar jini da yoyon ɗinki. Duk da wannan kasada, nauyin da ake zubarwa galibi bai kai na karon farko ba.

Inda aikin ya fi yin rana shi ne idan gyara aka je yi. Waɗanda aka yanke wa kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, sannan ƙwannafi mai tsanani ya addabe su, sukan sami sauƙi idan aka karkatar musu da hanji. Haka ma waɗanda aka ɗaura wa zoben roba a wuyan tumbi, dabarar da ta yi tashe a shekarun 2000, da yawansu sai da aka cire musu shi.

Tun da Amurka ta amince da allurar Wegovy a 2021, likitoci da dama kan fara gwada magani kafin su sake ɗaukar wuƙa. Allurar dai na da tsada, kuma ƙibar kan dawo da zarar an daina yin ta.