Ƙananan Jiragen Ƙasa na Da: Wasa Ne Ko Sana'a?

Duk wanda ya ji an ce ga magidanci ya kwashe shekaru ashirin yana haɗa ɗan ƙaramin jirgin ƙasa a ɗakinsa, abin da zai fara cewa shi ne mutumin ya rasa aikin yi. Ni kuwa a nawa ra'ayin, waɗannan mutane masu sana'a ne, kuma sun cancanci a jera su tare da maƙera da masassaƙa.

Asalin abin dai kayan wasan yara ne. A shekarar 1891 kamfanin Märklin na ƙasar Jamus ya fito da jirgin da ake yi wa wani kamar agogo, tare da layin dogo mai daidaitaccen faɗi wanda ake harhaɗawa. A Amurka aka kafa kamfanin Lionel a 1900, sannan a Ingila Frank Hornby ya fara sayar da nasa a 1920. To amma babban abin da kamfani ke sayarwa jirgi ne da layi. Gari da gada da duwatsu da gonaki, waɗannan gwanaye kan zauna su yi da hannunsu, kuma a nan gwanintar take.

Mu ɗauki misalin Roye England, ɗan Ostareliya da ya zo Ingila a 1925. Ya lura ana rushe tsofaffin gidajen ƙauye masu jinka, ko a sauya musu kama. Sai ya riƙa bin su yana aunawa, yana ɗaukar hoto, yana rubuta launin kowane bango. Daga nan ya gina su da kwali, yana zana tubali ɗaya bayan ɗaya da fenti, jinkar kuma da farko da gashin mutum ya yi ta. Gida guda kan ci masa watanni. A 1954 ya kafa gidan tarihi na Pendon, inda har yau ake zuwa a ga yadda karkarar Ingila take a shekarun 1930. Ashe wannan bai yi kama da aikin mai tattara tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi kafin su kwanta dama ba?

Haka nan John Allen na Kalifoniya, mai ɗaukar hoto, ya gina nasa bisa ma'aunin da ke rage kowane abu sau 87. Ba ya barin tarago yana ƙyalli kamar sabo. Sai ya sa masa tsatsa da ƙura da baƙin hayaƙi, domin ya yi kama da wanda ya sha aiki. Ya kuma kafa madubai don ɗan wuri ya zama kamar mai faɗi.

Na san wani zai ce ai abin na masu hannu da shuni ne. Gaskiya ne jiragen kamfani suna da tsada. Amma kwali da waya da gam da haƙuri su ne jarin gwanayen, kamar dai yadda yaranmu ke ƙera mota da kara ko gwangwani. Bambancin kawai shi ne can an sami masu daraja aikin, mu kuwa tsawa muke yi wa yaro ya bar shiririta.

Abin takaici, irin wannan aiki ba ya da wuyar salwanta. Allen ya rasu a watan Janairun 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye aikin da ya yi kusan shekaru ashirin yana yi. Da ba don hotunan da ya ɗauka ba, da sai dai labari.

Saboda haka ina ganin wajibi ne gidajen tarihi su adana irin waɗannan ayyuka tun masu su na raye. Mu kuma ɗalibai, idan muka ga mai aikin hannu ya duƙufa kan ƙaramin abu, mu tsaya mu tambaye shi yadda yake yi, mu rubuta, kafin mu yi masa dariya.