Tukunyar Taushe da Ladan Magabata



Hunturu ya shigo Gadarif. An gama yankan riɗi, ana cikin girbin dawa, iskar arewa kuma ta fara ratsa bargo da asuba. A irin wannan lokaci ne iyayenmu mata suke ɗora tukunyar taushe tun da hantsi. Kabewa ce ke fara shiga tare da albasa da tattasai da daddawa, a bar ta bisa garwashi mai laushi har ta narke da kanta, sannan a zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa, yakuwa da alayyafo su biyo daga ƙarshe. Kafin la'asar ƙamshinta ya kai ƙofar maƙwabci. Idan aka tuƙa tuwon dawa, akushin farko na sadaka ne, da niyyar Allah Ya kai lada kabarin iyaye.

Ra'ayina shi ne mu koma ga wannan tukunya. A zauren dattijon da nake yi wa aikin rubutu, na sha ganin magidanci ya zo neman rancen kuɗin rago domin sadakar uku ko ta arba'in, don gudun bakin mutane. Na taɓa rubuta wa wata mai takaba takardar bashi, alhali marayunta ba su da hatsin wata guda. Da aka yanka ragon, masu hali ne suka zauna suka cinye, mabuƙata suna waje.

Wasu matasanmu masu karatu suna cewa dafa abinci da sunan mamaci ragowar maguzanci ne. Da ana zuba shi ne a gindin tsamiya domin mamaci ya ci, da maganarsu ta tabbata. To, mamaci ba ya cin tuwo. Mai rai ne ke ci, lada ce ake fata ta isa. Buhari ya ruwaito cewa Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi (SAW) ko sadakar da zai yi wa mahaifiyarsa bayan rasuwarta za ta amfane ta, aka amsa masa da cewa za ta amfane ta. Saɓanin malamai yana kan ƙayyade ranaku da ɗora wa iyalan mamaci nauyi, kuma a nan ina tare da masu tsoratarwa.

Wasu kuma suna ganin miyar da ba nama raini ce ga mamaci. Su tuna Anas ɗan Malik ya ga Annabi (SAW) yana tsintar kabewa a gefen akushi, tun daga ranar shi ma ya ƙaunace ta. An kuma umarci Abu Zarri ya yawaita ruwan romo domin ya ishi maƙwabta. Kuɗin rago ɗaya sai ya ɗora tukunyar taushe Juma'a da yawa.

Da yawa daga kakanninmu sun iso Sudan a ƙafa, wasu kan hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Mai Wurno ya wuce da jama'a zuwa bakin Kogin Nilu. Abincin mutanen da ba su san su ba ne ya riƙe su a hanya. Tun daga Afrilun 2023 yaƙi ya koro mana bayin Allah daga Hartum, sannan daga Madani a Disambar wannan shekarar, har makarantun garin nan suka zama masauki. Maƙwabtanmu suna da al'adar rahamatat a ƙarshen azumi, ga kuma takiyyoyin da ke ciyar da waɗanda suka rasa matsuguni.

Don haka nake roƙon kowane gida mai iko ya ɗora tukunya ɗaya kowace Juma'a har sanyi ya wuce, ya kai ta takiyya mafi kusa ko gidan marayu a unguwarsa, ba sanarwa, ba ɗaukar hoto. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kawo mana zaman lafiya a Sudan, amin.